Wawan Da Ka Kwaikwaya

Zuwa ga ƙanena Garba,

Bayan gaisuwa da roƙa maka rahamar Allah. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ko kana raye yaushe ka taɓa sauraron maganata?

An cire gyaɗa, matarka ta gama takaba ta koma Karare. Dokin Baba, akawal ɗin nan, yana nan lafiyarsa lau. Abokan cacarka na kasuwar Batsari kuwa, tun sadakar uku ban sake ganin ƙeyar ko ɗaya ba.

Ka tuna da ka dawo daga Kano kana cika mana kunne da silimar Amurka, wai ka ga yadda ake cin sukuwa a kwashe kuɗin caca? Ka kawo mini sirdin Baba in sare masa baya in ɗage likkafa, na ƙi. Ka kai wa wani baduku a Safana. Ka hau ka tsuguna kamar mai kama kaza, 'yan caca suna yi maka ihu, har dokin ya watsar da kai a hanyar Runka.

Inna ta hana ni sakat, wai sai na gano mata abin da ya ɗauke mata ɗa. Da na kai fatu Kano na shiga gidan silimar, ni da ban taɓa taka irin wurin ba, na tarar an maimaito wasan da ka kalla.

Garba, wasan ban dariya ne. Mai gajeren wandon da ka kwaikwaya shi ne wawan wasan. Ya faɗa kwata, doki ya cinye masa hula, sa'a ce kawai ta kai shi gaba. Duk gidan ana ta ƙyaƙyata dariya, har da masu sayar da rake. Kai ba ka ji dariyar ba? Ko ka ɗauka kirari ake masa? Shi ya tashi ya kaɗe rigarsa, kai kuma muka ɗauko ka a kan ƙyaure.

Na tsani silimar nan, kuma har yau ina jin haushinka kamar in shaƙe ka. Duk da haka ni kaɗai na fito ina share hawaye.

Da na dawo Inna ta tare ni tun daga zaure. Na ce mata wani jarumi ne ka kwaikwaya, ta yi hamdala, ta ci abinci. Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai a kanka.

Allah Ya haskaka kabarinka, sakarai.

Naka, yayanka,
Isiyaku Baduku, Batsari