Farar rigata ta sha guga

Montreal

Yaya Mirlande,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama?

A sanar da dangi kaf: farar rigata ta sha guga. An ƙara ma'aikata a ofishin masu neman mafaka, an sa mini ranar ganawa bayan jiran shekara huɗu. In an dace, matata Nadège za ta biyo ni. Lafiyata ƙalau, barci ne dai sai a hankali.

Kin tuna ina akawu a ofis can ƙasarmu, kika ga layin masu jirana har titi, kika ce, "Malam mai littattafai, ku ƙara hannu mana"? Na kurɓi kofi na ce mutanenmu ne ba su da haƙuri.

Ke ce da gaskiya, Yaya. A sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Wilner