Ranar da Kujerar Inna Ta Shigo ta Baranda

Yayata ta kaina,

Ina miki sallama da gaisuwa mai tarin yawa, tare da addu'ar takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sauƙaƙa miki aikin nan da ba ya barinki ki huta. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Yara sun koma makaranta, ƙaninmu Dogo kuma yana nan yadda kika bar shi, sai ƙarin surutu. Abin da ya sa na ɗauki biro, wani abu na gani da idona makon jiya. Na ce lallai sai na riga Dogo ba ki labarin, don kin san shi da ƙara gishiri.

Kin san tun da Inna ta faɗi a banɗaki aka yi mata aikin ƙugu, ba ta sake taka falo ba. Ke labari kike ji, ni ke kallonta tana ƙarewa a kwance. Likita ya ce ƙashi ya haɗe sarai, tsoro ne kawai ya rage, amma in ta ci gaba da kwanciyar nan ƙafafun za su saki gaba ɗaya. Ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da aka ba ta don koyon tafiya ya zama wurin rataye mayafi. In na matsa mata, sai ta ce kujerun falonmu duk sun lotsa, wanda ya zauna sai an jawo shi, ita kuwa ba za a riƙa ciccibarta gaban jikoki kamar buhu ba. Da na gaya mata shawararki ta a samo doguwar kujera mai tudu da tauri, wadda za ta iya tashi daga kanta ba taimako, sai ta ce in ta zo ta gani. A bakin Inna, kin san wannan babban alkawari ne.

To ga inda muka yi aika-aikar. Dogo yana shagon kujeru ya kira ni, ya ce in auno masa faɗin ƙofar gida. Na duba tef ɗin awo sama da ƙasa, yara sun yi gaba da shi. Sai na buɗe yatsuna na auna da taƙi, yadda Inna ke auna yadi tun muna yara, na faɗa masa adadin. Shi ma ya buɗe nasa ya auna kujera, ya ce har da rara. Daga ni har shi babu wanda ya tuna cewa hannuna ɗan mitsitsi ne, nasa kuwa kamar shebur. Har yau muna musu a kan mai laifi, ni dai na tsaya a kan cewa hannunsa ne ya yi yawa.

Ranar da aka kawo ta, 'yan dako suka hauro da ita bene suna nishi, suka iso ƙofa, kujera ta ce ba ta san zancen ba. Suka kwantar da ita, suka tsayar da ita, suka kwance mata ƙafafu, Dogo ya cire ƙyauren ƙofar ɗungurungum, duk a banza. Direba ya duba agogo ya ce yana da sauran kaya a mota, ko mu san yadda za mu yi, ko ya mayar. Aka sauko da ita bakin titi. Na shiga wajen Inna ina kame-kame, ashe duk ta ji. Ta ce a mayar musu da kayansu, dama ta san ba rabonta ba ce, ta juya fuskarta bango. Na san in motar nan ta tafi da kujerar, Inna ta gama fitowa ke nan.

Na fita baranda don kada ta ga hawayena, sai Maman Biyu da ke samanmu ta leƙo. Matar da gaisuwa kawai ke haɗa mu a matakala. Ta ce ai firjinta ma ta baranda ya shigo, ƙofar baranda mai ƙyaure biyu ce, ta fi ta gida faɗi, a hau wajenta a jawo da igiya. Direba ya yi ɗan gunaguni, amma ya kwance igiyoyin da ya ɗaure kaya. Kafin in ankara mai walda na bakin titinmu ya ajiye aikinsa, mai shagon ƙasa ya bar shago a buɗe, har wani mai wucewa da ban taɓa gani ba ya naɗe hannun riga, duk suka haye barandar Maman Biyu da takalmansu, ita ko a jikinta.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Kujera ta ɗaga daga ƙasa a hankali, tana juyawa a iska, ledar jikinta tana ƙyalli a rana. Titin nan namu da ba ya shiru ya yi tsit. Masu motoci suka tsaya, ba wanda ya danna oda, kowa ya ɗaga kai baki sake. Ba ka jin komai sai kukan igiya da muryar mai walda yana ba da umarni daga sama. Ni da Dogo muna baranda mun miƙa hannu, abu mai nauyin nan yana reto a gabanmu, ina ta salati a zuciyata.

Kujera ta iso daidai ƙarfen baranda ta karkace, muka rasa ta inda za mu kama. Sai na ji murya a bayana tana cewa mu fara shigo da ɓangaren hagu, kuma in janye igiyar shanya kafin ta sarƙe, ko ba ni da ido ne. Na amsa mata yadda muka saba, ban ko waiwaya ba, na janye igiyar, muka jawo kujera ta sauka a baranda. Sai a lokacin abin ya faɗo mini a rai. Na juya, ga Inna tsaye a tsakiyar falo, ta dafa ƙarfenta, mayafin ma yana rataye a jikinsa, zufa ta jiƙa mata goshi. Ita kaɗai ta taso daga gado, ta ratso ɗaki, ta zo. Dogo, ƙaton nan, ya durƙusa a wurin yana kuka kamar yaro. Ta harare shi ta ce ya tashi ya mayar wa kujera ƙafafunta, ita ta gaji da tsayuwa. Ya mayar, muka shigo da kujera falo, ko ledar ba ta bari an cire ba ta zauna. Da ta huta, ta dafa hannun kujerar ta miƙe da kanta, ta sake zama.

Ki gaishe mini da maigidan da kyau, da ɗanki Babba da 'yar autarki, ki ce Antinsu tana kewarsu. Kawu da iyalinsa suna gaishe ki, Dogo ma haka, har Maman Biyu ta ce in miƙa tata. Sannan in kin kira Inna kika ji an daɗe ba a ɗauka ba, kada hankalinki ya tashi, kuma kada ki katse. Ta sa an ajiye wayar a kan tebur can ƙarshen falo, ta hana kowa miƙo mata. Ita ke tashi ta ɗauko.

Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki