Ruwan da Za Ki Ɗauko Ranar Asabar

Zuwa ga Shuvai, Maman Tavonga, inuwar dutse da tsakar rana, ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasar Gutu, zumar da ke can ƙololuwar itace inda hannu ba ya kaiwa. Ke da na shekara ashirin da ɗoriya ina kiranki Maiguru, matar yaya, bakina cike da ladabi, zuciyata kuwa ba ta da kunya ko ta sisin kwabo.

Gaisuwa mai yawa daga Gweru. Takardun jarrabawar yara na jibge a gabana, ban duba ko ɗaya ba. Wanda bai san amsar tasa tambayar ba, da wane ido zai ba ɗan wani sifili?

Jiya Yaya Ndakaitei ta kira ni. Ta ce giyar tamba ta kusa nuna, ranar Asabar za a dawo da ruhun yayanmu Takawira gida, tunda shekara ta zagayo da binne shi. Ta ƙara da cewa, "Kai kuma Malam, ka aske gemun nan, kada baiwar Allah ta ɗauka bunsuru aka zaunar a layi." Kin fi ni sanin abin da zai biyo baya, amma bari in faɗa ko bakina ya saba. Za a jera mu a tabarma, mu mazan dangi, a ba ki akushin ruwa. Wanda kika ajiye wa ya wanke hannu, shi ya gaji gidan, ya gaje ki. In ba ki son kowa, ki miƙa wa ɗanki Tavonga, magana ta ƙare.

Ni ne fa malamin tarihin nan da ke tsayawa gaban allo kowace shekara yana cewa mace ba garma ba ce da za a raba ta tare da shanu da takalman mamaci. Yara su rubuta, in ba su maki. Ranar Lahadi ni nake karanta nassi a coci, har da gyaran murya. To ga malamin nan ya kai kwat ɗinsa wanki da guga, ya kuma sayi reza. Wane ne ni a cikin biyun, Shuvai? Mai allon, ko mai rezar? Na tambaye su, kowa ya rantse shi ne na gaskiya.

Na yi kukan Takawira, Allah ne shaida. Shi ya riƙa goya ni yana tsallake kogi da ni zuwa makaranta in ruwa ya cika. Shi ya bar aji ya koma gona don in ci gaba. Kowane littafi da ke ɗakina akwai guminsa a bangonsa. Amma a bakin kabarinsa, da ƙasa a tafin hannuna, wani abu ya ɗago kai a ƙirjina kamar tsiron masara a kan toka, ya dube ki. Na tattake shi. Da gari ya waye ya sake fitowa. Na bi masu hikima na gida da na ƙetare, kowa ya ware wa baƙin ciki shafinsa, ya ware wa murna nata. Babu wanda ya gaya mini suna iya zama su ci tuwo a kwano ɗaya, har wannan ya tura wa wancan miya.

Yanzu haka itatuwan msasa sun yi ja a kan duwatsunmu. Baƙo ya gani ya ce ganyen mutuwa yake yi, mu kuwa mun san sabo ne yake fitowa. Haka nake, sanyin idona. Na yi ja tun daga sama har ƙasa, ni kaina ban san ko toho nake yi ko bushewa ba.

Kin tuna safiyar da aka kawo ki gidanmu? Ke amarya kika bi dangin miji ɗaya bayan ɗaya da ruwan wanke fuska. Kowa ya samu mai ɗumi. Ni, ɗalibi mai tabarau da ya zo hutu da littafi a hammata, kika ajiye mini wanda yake tururi. Kika durƙusa, kika tafa hannu cikin ladabi kamar ba ke ba, kika ce ƙasa-ƙasa, "Baba Ƙarami, an ce hannunka bai san fartanya ba. Bari mu ga ko ya san wuta." Na tsoma, ban janye ba. Idona ya kawo ruwa, ke kuma kika ciji bakin zanenki don kada dariya ta kuɓuce. Takawira yana daga ƙofar ɗaki ya ce, "Kai ƙaramin miji, ba ta tukuicinta mana, ko sai ta dafa ka gaba ɗaya?" Fatar ta warke ba da daɗewa ba. Sauran har yau.

Na yi aure, ke ce ma kika dafa abincin bikin. Matar ta tafi birnin Joni neman aiki, ta samu aiki da miji a wata guda. Ban ga laifinta ba. Wace ce za ta daɗe da mutumin da rabinsa ke zaune a wani gari, yana kallon wata tana sussukar masara?

Ga abin da ya hana ni sakat. Da na manyanta, an ce na koma kamanninsa: tafiyar, tarin, yadda nake riƙe kofin shayi. Ranar jana'iza wata tsohuwa ta hango ni ina fitowa daga bayan rumbu, ta ja da baya tana kiran sunan Allah. To in kika ajiye akushin a gabana, wa kika ajiye wa? Inuwar Takawira? Mai albashin da zai riƙe gida? Katangar da za ta tare miki Chamunorwa, ɗan baffanmu mai motar haya, wanda tuni ya fara auna shanun da ido? Ko kuwa Dzikamai, wannan wawan mai tabarau? Akushi ba ya magana. Mata za su yi guɗa iri ɗaya ko wanne ne, ni kuma in kwana a ɗakin yayana har ƙarshen raina ban san ko miji nake ko mai gadi ba.

Ina so ki zo gabana kamar yadda gona ke son hadari. Ina kuma tsoron zuwanki kamar yadda rufin ciyawa ke tsoron hadarin nan dai. In kin wuce ni, zan mutu kaɗan, kuma wani sashe nawa zai yi ajiyar zuciya ya ce an tsira, don zan iya zuwa kabarinsa in dubi dutsen ido cikin ido. In kin tsaya, zan rayu, in riƙa sunkuyar da kai duk sa'ad da na bi ta wurin.

Saboda haka ga alkawarina, tun kafin ki ɗauki komai. Karatun Tavonga yana wuyana. Rufin ɗakin girki zan gyara shi kafin damina. Chamunorwa ba zai taɓa ko jelar maraƙi ba muddin ina numfashi. Duk wannan naki ne ko ina akushin ya sauka. Kada ki sayi abin da aka riga aka ba ki.

Ga kuma roƙona, shi kaɗai. In don gida ne, ko don tausayi, ko don fuskar da na aro, ki wuce ni da ruwanki mai sanyi ki ba yaron. Zan tafa tare da kowa, ƙila ma in fi kowa, in ci gaba da kiranki Maiguru har haƙorana su zube. In kuwa ni ne, ni ɗin nan, to ki ɗora ruwan a wuta tukuna. Ki kawo shi yana tururi kamar na wancan karon. Babu wanda zai gane sai mu biyu, da wataƙila shi, wanda zai dawo gida a ranar, kuma na san dariya zai fara yi kafin ya yanke shawarar ko zai yi fushi.

Zan tsoma hannu biyu, ba zan janye ba.

Naki a sanyi, naki a zafi, har ranar da za a dafa tawa giyar,

Dzikamai