Jigon Ƙarfen da Ya Karya Sahabi Maƙeri

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni ne Sahabi maƙeri na Bungudu. Ƙafafuna sun mutu tun daga ƙugu, amma hankalina yana nan daram, na san abin da nake faɗa da wanda nake faɗa wa. Malam Muhammad Sani, limamin unguwarmu, shi ke rubutawa, ƙanena Umaru kuma shaida ne. Na roƙi Malam kada ya sassauta kalma ko ɗaya.

Zuwa gare ku, Hamidu da Manu, da ƙanwarku Kulu.

Na farko, yadda abin ya faru. Kowannenku ya cika kasuwa da nasa labarin, to ga nawa, ni da ƙarfen ya sauka a kaina.

Baturen da ke sayen auduga a Gusau, kusa da inda ake shimfiɗa layin dogo, yana da wani akwati da yake ƙwanƙwasawa kamar tangaraho, wai yana gaisawa da mutanen ƙetaren teku. Ba aikin gwamnati ba ne, sha'awarsa ce kawai. Akwatin na bukatar waya can sama bisa doguwar sandar ƙarfe, iskar hadari kuwa ta taɓa kayar masa da ita. Ya nemi sandar da za a kwantar in hadari ya haɗo, a tayar in ya wuce. Da ya kawo mini aikin, na ce ai jigon ɗebo ruwa na lambu ke nan. Muka kafa ginshiƙai biyu na itacen ƙirya, muka ratsa su da ƙarfe mai kauri don sandar ta riƙa juyawa a kansa. Muka ɗaure dutse a gindinta ya rage nauyi, muka ƙera ƙusar da za ta kulle ta a tsaye, muka sa igiyar saukarwa. Tun da na fara riƙe guduma ban yi aikin da ya faranta mini rai kamarsa ba.

Ranar gwaji jama'a ta taru. Ina can ina jera buhunan auduga inda kan sandar zai sauka. Hamidu, igiya na hannunka. Manu, kana tsaye wajen ƙusa. Wani ya tambayi wa ya yi wannan dabara. Hamidu, ka daki ƙirji ka ce kai ne, ƙanenka zuga wuta kawai ya iya. Manu, ka ce, "To mai dabara, tare ta!" ka buge ƙusar ban ce a buge ba. Kai kuma babba, maimakon ka ƙara riƙo, ka saki igiyar ka yi kansa da mari, sandar ta rufto a kaina. Dukanku kun san dutsen ba ya riƙe sanda, igiya ke riƙewa. Saboda haka kada wanda ya sake cewa ɗan'uwansa ne ya karya ni. Ku biyu kuka karya ni.

Ba ma karayar ce ke ci mini rai ba. Ina kwance ƙarƙashin ƙarfe ina kiran sunayenku, kuna can kuna shaƙe juna. Wani Bafulatani da ya tsaya kallo, Tambaya na rugar Nahuce, shi ya sa kafaɗa ya ɗaga. Bai san ni ba, ban haife shi ba.

Na biyu, daga cikin sulusin da shari'a ta bar mini, a ba Tambaya karsanar nan ja. Ku biyu za ku kora ta har rugarsa da ƙafarku, ku durƙusa ku gode masa. Ban yarda a aiki kowa ba.

Na uku, Kulu. Kin baro ɗakinki a Tsafe kina juya ni kina wanke ni kamar jariri, 'yan'uwanki kuwa sai dai su leƙo daga bakin ƙofa, kowa na jiran ɗayan ya tafi. Allah ya saka miki. Amma na ji masu zuga ki ki kai ƙara gaban alƙali a hana su gado. Na hana. Na yafe jinina, Malam ya rubuta, Umaru ya ji. Na yafe ne don kada 'ya'yana su tsaya gaban Ubangiji da alhakin ubansu a wuya, ba don zuciyata ta huce ba. Gona da gida da dabbobi a raba yadda Allah ya ce, kada a tauye miki ko zangarniya ɗaya.

Na huɗu, maƙera. Uwar maƙera da zugazugi da awartaki da guduma, duk na damƙa su amana ga baffanku Umaru, ya kulle. Ba mai hura wuta a maƙerar kakana sai kun koma Gusau. Sandar tana can yashe, ƙarfen da take juyawa a kansa ya lanƙwashe, masu wucewa na nunawa suna cewa ga aikin gidan Sahabi. Ku miƙe ƙarfen, ku sake ginshiƙin da ya tsage, ku tayar da ita ku kwantar har Baturen ya ce ya gamsu. Kada kowa ya tsaya a ƙarƙashinta, kada a taɓa ƙusa sai mai igiya ya amsa da bakinsa. In an tambayi wa ya yi, ku ce gidanmu. Wanda ya ƙi zuwa ya nemi wata sana'a, kada ya ƙara kiran kansa maƙeri da sunana.

Umaru, na san ka da taushin zuciya. In suka zo maka da kuka ɗaya-ɗaya, kada ka buɗe.

Na biyar, zanan da kuka kafa tsakar gida kuka raba gidan biyu, har matanku sun daina ara wa juna wuta, jikokina suna leƙen juna ta kafa. Uwarku Lami ta share wannan tsakar gida har ta koma ga Allah, ba ta taɓa ganin shinge a cikinta ba. A cire shi kafin a fita da gawata. In yana tsaye, Malam, kada a bi da ni ta wurin, a fasa katangar baya a fitar da ni, gari ya gani.

Hamidu, girma ba daka ƙirji ba ne, riƙo ne. Manu, zafin zuciyarka ya riga ya ci mutum ɗaya, ya isa haka. Ku riƙe Kulu, ku riƙa zuwa Tsafe ba sai an yi rasuwa ba. Ku ci tuwo a akushi ɗaya, ko da ba mai ce wa wani uffan.

Malam ya ajiye alƙalami ya ce ba a rufe wasiyya da fushi, sai na sa muku albarka. Gaskiyarsa. Allah ya shirye ku, ya haɗa kanku, ya ba ku 'ya'yan da za su fi ku jin kiran uba. Allah ya yi muku albarka, ku ukun. Da ƙyar ta fito, amma ta fito, kuma ba zan janye ta ba.