Ƙarfen da na taka a tsohon filin jirgi

Daren Talata, Kura

Da la'asar Kawu Sale ya kai ni tsohon filin jirgin soja na bayan gonakinmu, neman wurin shanya shinkafa. Kwaltar duk ta farfashe. Yana ba ni labarin yadda mahaifinsa ya yi dakon duwatsu a wurin lokacin yaƙin Turawa, sai na taka wani dogon ƙarfe mai tsatsa.

Muryarsa ta sauya: "Habu, ɗaga ƙafarka a hankali. Wannan ya yi kama da bam."

Da muka sanar da mai gari, ya ce jami'an tsaro ba za su zo ba sai gobe da rana. Amma da sassafe makiyaya ke bi ta filin da shanu. Ina idar da Asuba zan je in tare musu hanya.