Jan Bulon Kaka Uzairu

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Yaya Bala zai rushe gidan Kaka na Bukuru ya jera shagunan siminti. Ko kunya. Mutumin da ya je Bama a yaƙin duniya na biyu ya dawo da rabin babban yatsa, ya fara gasa jan bulo a garin nan tun ana gini da laka zalla, yau jikansa ke kiran gidansa "tsohon kango". Na sa 'yata Fiddausi ta tattaro tarihinsa, a karanta a taron dangi ran ashirin da huɗu, kowa ya ji wanda ake shirin shafewa. Digirinta da muka sha wahala a kai ya yi amfani ko sau ɗaya.

Alhamis, 8 ga Mayu

Lambobin yabonsa na yaƙin ma babu. Matar Bala ta ce yara sun yi wasa da su. Tir.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun je gidan. Kaji a ɗakin da yake salla, fitsari a jikin katanga. Na nuna wa Fiddausi alamarsa: kowane bulo, tun yana ɗanye, sai ya danna masa guntun yatsan nan na hagu, ya bar rami mai tsaga a tsakiya. Yakan ce wanda bulonsa ya fashe ya biyo yatsan ya same shi. 'Yan yanzu kuwa buhun siminti ɗaya suke buga bulo sittin, su tafi masallaci sahun gaba.

Na gaya mata ta fara da cewa daga Kano ya zo, gidan malamai. Haka Baba ya gaya mana.

Talata, 13 ga Mayu

Fiddausi ta dawo da yamma, takalmi duk jar laka. Wai wani tsohon magini a kasuwar Katako ya ce mata akwai irin bulon nan a Kuru, ta hau mota ta tafi ba ta tambaye ni ba. 'Ya mace! Ta nuna min hoto a waya: katangar coci, daga ƙasa har sama, yatsan Kaka a kowane bulo. Na ce ciniki ne, mai sana'a ba ya zaɓen mai saye.

Ta ce, "Mama, ba saya suka yi ba. Kyauta ya ba su. Garinsu ne."

Wai sunansa na yanka Chuwang. Wai a soja ya musulunta, a hannun wani kofur Bakano da suka kwana rami ɗaya, Kanon ke nan. Wai 'yar ƙanensa tana nan da rai, Ngo Klaudiya. Na ce ta rufe min baki. Ban ci tuwo ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Shafi na huɗu na tarihin, mai zancen Kuru, ba zai shiga ba. Na faɗa mata. Bala dariya zai yi, surukai su samu abin tauna har shekara. Ta ce to ita ba za ta karanta ƙarya a gaban mutane ba. Ni na koya mata wannan, shi ne ta juyo min da shi.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na je Kuru da kaina, Fiddausi ta raka ni, don in ƙaryata. Unguwar warin burkutu, alade yana kiwo a bakin hanya, na riƙe mayafi a hanci har ƙofar gidan.

Tsohuwa ce ƙarama, ido ɗaya ya yi fari. Ta dube ni ta ce, "Wannan goshi na gidanmu ne. Zauna, 'yata." Ta sa aka kawo min ruwa a sabon kofi, ta ce ta san mu da tsantseni. Ban so na ji daɗin hakan ba.

Ta fito da akwatin katako da Kaka yake buga bulo da shi, an shafe shi da mai, ko tsaga babu. Mu da muke da sunansa ko lamba ɗaya ba mu riƙe ba. Ta ce duk lokacin girbi yakan zo da gishiri da atamfa, ya yi sallarsa a kan dutsen bayan gida, babanta na tsare masa awaki kada su gitta.

Na tambaya, to me ya hana ku zuwa da ya rasu?

"Mun zo, mu tara, da buhun acca. Wata yarinya mai kaifin baki ta tare ƙofa, ta ce ba a shiga da arna gidan makoki. Muka ajiye accan muka juya." Ta yi dariya. "Yarinta ne. Ko tana ina yanzu."

Ni ce. Shekarata goma sha takwas a lokacin. Na tuna har launin ɗankwalinta. Accan kuma mun ci, da miyar kuka.

Na ajiye kofin. Fiddausi kuwa ba ta dube ni ba, Allah ya yi mata albarka.

Talata, 20 ga Mayu

Ban iya yi wa kowa faɗa yau ba. Ɗana Jabir ya bar kwano a tsakar gida, na ɗauke da kaina.

Juma'a, 23 ga Mayu

Gobe taro. Shafi na huɗu yana nan, ban ce ta saka ba, ban dai sake cewa ta cire ba. Bala ya ji labari, ya kira yana cewa zan tona mana asiri a kan tsohon bulo. Na ce asirin wa? Ko ya rushe ko ya bari, sai ya ji sunan kakansa duka biyu.

Na ce wa Jabir ya je Kuru da safe ya ɗauko Ngo Klaudiya, ya tuƙa a hankali saboda bayanta. Ba wani abu ba ne, tarbiyya ce kawai, babba ce. Fiddausi ta ce za ta tsaya a ƙofa ta shigo da ita. Na ce a'a, ta kula da baƙi. Ƙofar ni zan tsaya.