Idon Yaya a Falon Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki? Mu nan lafiya lau. Baba da sauƙi, gwiwar ce dai take taɓa shi idan ya daɗe a zaune. Maigidana yana gaishe ka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannuna. A waya ba ka barin mutum ya kai aya, ina buɗe baki za ka ce "saurara ki ji, abu ne mai sauƙi." Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Abokinka da ya kawo kayan shi zan ba ya kai maka.

Kaya sun iso. Rauta, na'urar raba intanet, mai ƙahoni kamar ɗan akuya, da baƙin akwatin ajiya mai faifai biyu a cikinsa, da kyamarori huɗu, da kebul da zai isa a ɗaure shanu. Ka ce ka aiko su ne don ka riƙa ganin Baba daga can hankalinka ya kwanta, tunda daga rasuwar Mama mu kaɗai ne tare da shi. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba ka lada. Amma ka ce mini aiki ne na ɗan lokaci, ko makaho zai haɗa. Yaya, ni mai ido biyu ce har da tabarau, kuma na sha wuya.

Mai haɗawar da ka ba ni lambarsa, a gidan nan Gobe-da-safe muke kiransa, don ita ce amsarsa ga kowace tambaya. Ranar da goben ta yi, ya zo ya huda bangon kicin don ya ja kebul, sai ya samu bututun ruwa. Ina dawowa daga makaranta na tarar da maigidana yana kwalfar ruwa da bokiti, shi kuma gwanin yana tsaye a kan kujera yana cewa laifin wanda ya gina gidan ne. Baba na jin haka ya ɗago kai, don ka san shi ya tsaya a kan ginin. Da ƙyar na raba.

Ya ɗora rauta a kan firji ya tafi. Sabis ya cika kicin taf, tukwane ma da suna da waya da sun yi hira, amma ɗakin Baba ko ɗigo. Ka san kaurin bangon nan. Haka na yi ta zagaya gida da waya a sama kamar mai neman aljani, har na gano cewa daga baranda ta tsakiya ne sabis yake kaiwa ko'ina. Ni na hau tsani na buga ƙusa na rataye rautar a can.

Akwatin kuma ya sa shi a sito ya rufe ƙofa. Kafin yamma ya yi zafin da za a iya gasa burodi a kansa, yana ta gurnani. Na fito da shi na ɗora a kan teburin keken ɗinkin Mama, nan ne iska take shiga. In an ɗauke wuta kuma ya kama tsuwa kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ka ce kada a bari ya mutu farat ɗaya, faya-fayan za su lalace, don haka na jona shi a inbata. Yanzu batir ba ya ɗaukar akwati da fankoki biyu, sai fankar Baba kaɗai. Ni da maigidana muna fifita da kwali, akwatinka yana shan wuta.

Yanzu dai komai yana aiki. Kyamara ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a falo, ɗaya a kicin. Ta kicin ɗin ce ban gane amfaninta ba, tunda rabon Baba da shiga kicin tun kana aji uku.

Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ji ƙaramin yaronka ya yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Baba yana samun lafiya, zan zo kan maganarsa.

Yaya, ina roƙonka don girman Allah ka daina kirana ina aji. Kyamarorin nan duk abin da ya motsa sai sun aika maka saƙo. Labule ya kaɗa, saƙo. Ƙadangare ya gitta, saƙo. Kai kuma kowane saƙo sai ka kira. Ina tsaye gaban allo ina koyar da lissafin rabawa, waya ta hau ruri, na fita da gudu gabana yana faɗuwa, sai na ji ka kana cewa wane ne mai jar riga a ƙofar gida. Mai karanta mita ne. Shugabar makaranta ta fara yi mini kallon da ban so.

Sannan maganar gishiri. Ka kalle ni ta kyamarar kicin kana can wata duniya, ka turo mini cewa hannuna ya yi nauyi, likita ya hana Baba gishiri. Tukunyarmu ce, Yaya. Ta Baba tana gefe, ƙarama, kyamararka ba ta kai can ba. Tun ranar ba na shiga kicin ɗina sai na yafa mayafi, kamar baƙuwa.

Ka kuma yi ta faɗa ranar da kyamarori suka ɗauke gaba ɗaya, ka ce na taɓa wani abu. Ban taɓa komai ba, data ce ta ƙare tun wata bai raba ba. Na kira Gobe-da-safe, ka san amsar. Sai na zauna da kaina na shiga cikin rauta ta waya, na lalubi inda take nuna wayoyin da ke jone da ita. Wallahi sai da na cire tabarau na goge. Rabin layinmu yana ciki: mai shago, mai wanki, ɗaliban gidan hayar da ke kallon namu, har da talabijin ɗin wani. Ashe Baba ne. Duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya ce, "Ɗana ya sa mana intanet, ku ɗiba." Shi yake kiran maigidana ya faɗa musu kalmar sirrin, shi kuma ya kasa yi wa suruki musu.

Na canza ta. Washegari mai shago ya zo gaisuwa, fuska a murtuke. Da ya tafi Baba ya kira ni ya ce, "Auta, gidan nan ba a taɓa hana maƙwabci ruwa ba, sai a zamaninki?" Ya ƙi cin abincina ranar. Dole na koma na koyi yadda ake buɗe layi na biyu na baƙi, na rage masa gudu, na yi masa iyaka, na ba Baba kalmar ya raba yadda yake so. Yanzu kyamarori suna kan nasu layin, maƙwabta suna kan nasu, suna ƙorafin wai yana tafiyar hawainiya. A kyauta fa.

Yanzu maganar Baba. Ka riga ka ji ya zame a banɗaki, amma ba ka ji yadda aka yi ba. Ina shanya na ji ƙarar bokiti, sannan shiru. Shirun ne ya tsorata ni. Maigidana ya ɓalle ƙofa, muka same shi a ƙasa, ya kasa tashi, yana ta ƙoƙarin jan tawul ya rufe jikinsa don kada in gani. Muka ɗauke shi, muka sa a mota. Alhamdu lillahi ba karaya, buguwa ce a ƙugu. Muna zaune a asibiti, rigata sharkaf, sai ga saƙonka: an bar ƙofar gida a buɗe, wannan wane irin sakaci ne.

Na san ba ka sani ba a lokacin. Na san da ka ji ka yi kuka, Anti ta faɗa mini. Amma abin da ka ce daga baya shi ya fi ɓata mini rai, wai za ka aiko da wasu kyamarori biyu, ɗaya a ɗakin Baba ɗaya a bakin banɗaki. Ba za a sa ba. Mutumin da yake kwance a ƙasa yana neman tawul, shi za ka kafa wa ido a makwancinsa? Na sa an buga ƙarfen riƙewa a bango, na shimfiɗa roba mai hana santsi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ka yi haƙuri in na yi zafi. Gaisuwa ga mutanen gida.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Baba ya fara takawa da sanda, har yana faɗa da ita, ka ga kuwa sauƙi ya samu.

Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Akwatinka ya kunna jar wuta, ya kama wata sabuwar tsuwa. Ban ma wahalar da kaina da kiran Gobe-da-safe ba. Na shiga na duba, faifai ɗaya ne ya mutu. Kada ka tashi hankalinka, na biyun yana ɗauke da kwafin komai, na sayo sabo na zura, ya kwashe da kansa. Amma da nake ciki sai na ga wuri ya cika maƙil, kuma kyamarar falo ce ta fi cinyewa. Na yi mamaki, don sai an yi motsi take ɗauka, kuma da rana ba kowa a gidan sai Baba. Na ce ko labule ne kuma. Na buɗe.

Baba ne. Kullum in mun fita aiki, sai ya sa hula, ya ja kujerarsa da wannan gwiwar tasa har gaban kyamara, ya zauna ya ɗaga kai yana magana. Ba 'yar gaisuwa ba, doguwar hira. Yana nuni da hannu, yana ƙirga wani abu da yatsu, wani wurin ya yi dariya har ya dafa ciki. A wani ya ɗauko hotonku na ranar da ka gama karatu ya ɗaga yana nunawa. A wani kuma ya goge ido da hannun riga, ya ci gaba. In ya gama ya mayar da kujera inda take don kada mu gane.

Babu sauti, Yaya. Ko kalma ɗaya. Na duba saitin, kai ka kashe shi daga can tun ranar farko, na tuna ka ce sauti yana cin wuri. Kuma ka saita akwatin in ya cika ya riƙa goge tsofaffi, don haka na farkon duk sun tafi. Manhajar kyamarorin tana nuna lokacin da kake shigowa. Da safe kake leƙowa ka ga ko ya sha magani, ka fita. Saƙonnin falo na rana kuwa ka rufe su tun rikicin labule.

Na same shi na ce, "Baba, da wa kake hira da rana?" Ya ɗan ji kunya, ya ce da kai. Na ce ai da ka kira shi a waya. Ya ce, "In na kira yana sauri, ba ya wuce ya jiki, an sha magani, an gwada jini. Wannan kuwa in ya samu sarari ya zauna ya ji a nutse." Na ce me kake faɗa masa haka? Ya ce, "Ke ina ruwanki, tsakanina da ɗana ne." Sannan ya rage murya ya ce, "Bai ce miki komai ba a kan maganar filin? Da wadda na ba shi ta Mamanku?"

Na ce masa da bakinka za ka ba shi amsa. Ban faɗa masa babu sauti ba, kuma ba zan faɗa ba. Wannan aikinka ne.

Ga abin da na yi, kuma ba shawararka nake nema ba. Na kunna sauti a falo. Na ware wa hirar Baba wuri a akwatin da ba za a goge ba, da waɗanda suka rage marasa sautin, kai kaɗai za ka iya buɗewa, ni ba zan saurara ba. Don a samu wuri na cire kyamarar kicin, tana cikin kwalinta. Na hana ta tsakar gida aika saƙo in ba mutum ta gani ba. Na kuma canza babbar kalmar sirri. Kallo da sauraro za ka iya, amma saiti ya dawo hannun wadda take hawa tsani.

Wanda ya ɓata ya ɓata, ba mai dawo da shi sai Baba, kuma dole ka ce masa ba ka ji ba ya sake daga farko. Zai yi fushi, ya kira ka sakarai, sannan ya sake, don ka san shi da son maimaita labari. Ka kira shi ranar da ba ka da aiki. Kada ka tambaye shi magani, na ba shi. In kuma za ka iya neman hutu ka zo, ka zo, ba sai ka riƙo mana komai mai kebul ba.

Ka gaida Anti da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka da ta gaji amma tana sonka,
Auta